FASHIN BAƘI: Yadda ake binciken kuɗin jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye a Amurka

A ranar 16 ga Mayu, 2023, Gwamnar Jihar Arizona ta Amurka, Katie Hobbs, tare da Antoni Janar ta jihar, Kris Mayes, suka sanar da dakatar da biyan kuɗi ga cibiyoyi fiye da 100 da ke iƙirarin suna jinyar masu shaye-shaye da masu larurar ƙwaƙwalwa. Daga baya adadin ya haura 300, kuma hukumomin jihar suka ƙiyasta cewa an wawure fiye da dala biliyan 2 daga asusun jinyar talakawa. Cikin takardun da aka biya har da na jinyar mutanen da suka riga suka rasu, da na waɗanda ke tsare a kurkuku a ranar da aka ce an duba su.

Irin wannan ɓarna ta fi samun wurin zama a wannan fanni saboda yanayin jinyar kanta. Wanda ya karye yana da hoton ƙashi, wanda aka yi wa tiyata yana da tabo. Amma zaman minti 45 tsakanin majinyaci da mai ba shi shawara, a ɗaki ƙofa rufe, ba ya barin wata alama sai abin da aka rubuta a fayil. Shi kuma majinyacin, in ya ce ba a yi masa komai ba, ba kasafai ake gaskata shi ba. Saboda haka binciken takardun biya a nan ya wuce lissafin kuɗi: shi ne kusan hanya ɗaya tilo ta tabbatar da cewa an yi jinyar, kuma wanda ya cancanta ne ya yi ta.

Wa ke biyan kuɗin?

Manyan masu biya uku ne. Akwai Medicare, shirin gwamnatin tarayya na 'yan shekara 65 zuwa sama da wasu masu buƙata ta musamman. Akwai Medicaid, na masu ƙaramin ƙarfi, wanda tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa, kowace jiha kuma take gudanar da nata. An kafa su biyun a 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, kuma Medicaid ne ya fi kowa biyan kuɗin jinyar ƙwaƙwalwa a ƙasar. Na uku su ne kamfanonin inshora masu zaman kansu.

Dokoki biyu suka faɗaɗa wannan kasuwa. Ta 2008 ta hana kamfanin inshora da ke biyan jinyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye ya gindaya mata sharuɗɗan da suka fi na sauran cututtuka tsauri. Ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ta sanya wannan jinya cikin abubuwan da wajibi ne yawancin tsare-tsaren inshora su ƙunsa. Miliyoyin mutane suka samu damar jinya, a daidai lokacin da annobar shan ƙwayoyi dangin opiyom ke ƙara ƙamari. Kuɗi suka kwararo, masu neman na banza suka biyo sawu.

Ƙa'idojin da ke kan cibiya

Kafin cibiya ta aika da takardar neman biya, sai ta mallaki lasisin jihar da take aiki, sannan ta yi rajista da mai biya. Kowane ma'aikaci da ke duba majinyaci yana buƙatar nasa lasisin, wanda bai kai ga samu ba kuma sai ya yi aiki a ƙarƙashin kulawar mai lasisi. Cibiyar da ke ba da maganin methadone ga masu fama da ƙwayoyin opiyom tana da ƙarin sharuɗɗa: shaidar amincewar hukumar SAMHSA mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, rajista da hukumar DEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da tantancewar wata hukuma mai zaman kanta irin su Joint Commission ko CARF.

Ofishin Sufeto Janar na Ma'aikatar Lafiya yana riƙe da jerin sunayen mutane da kamfanonin da aka haramta wa taɓa kuɗin shirye-shiryen gwamnati. Cibiyar da ta ɗauki ɗaya daga cikinsu aiki tana iya fuskantar tara da mayar da kuɗi. Ofishin ya kuma zayyana ginshiƙai bakwai na tsarin bin ƙa'ida a cikin gida: rubutattun dokoki, jami'i mai alhakin kiyaye su, horas da ma'aikata, hanyar kai ƙorafi ba tare da tsoro ba, binciken kai da kai, ladabtarwa, da gaggawar gyara in an gano kuskure.

Sai batun sirri. Dokar HIPAA ta 1996 tana kare bayanan kowane majinyaci, amma fayil ɗin masu shaye-shaye yana da ƙarin kariya ta wasu ƙa'idojin tarayya da suka samo asali tun 1975, domin kada tsoron 'yan sanda ko tsangwama su hana mutum neman magani. Ƙa'idojin sun yarda mai binciken kuɗi ya duba fayil, bisa sharaɗin ba zai yi amfani da abin da ya gani wajen tuhumar majinyacin ba.

Abin da mai bincike ke nema a fayil

Kowace takardar neman biya tana ɗauke da lambobi iri biyu: lambar cuta, da lambar aikin da aka yi. Lambobin aiki, waɗanda Ƙungiyar Likitocin Amurka ke kula da su, sun rataya ne a kan lokaci idan aka zo jinyar tattaunawa. Lamba 90832 ta zaman minti 16 zuwa 37 ce, 90834 ta minti 38 zuwa 52, 90837 kuma ta minti 53 zuwa sama. Kowace tana da farashinta. Zaman rukuni, inda mutum ɗaya ke jagorantar majinyata da yawa, yana da tasa lambar, 90853, kuma kuɗinsa a kan kowane mutum bai kai na zaman mutum ɗaya ba.

Mai bincike yana ɗora takardar ne a kan fayil ya yi tambayoyi. Shin an rubuta lokacin da zaman ya ɗauka? Akwai tsarin jinya da ke nuna abin da ake son cimma? Wa ya sa hannu, kuma yana da lasisi a ranar? Bayanan zaman yau sun bambanta da na jiya, ko kwafe su aka yi kalma da kalma? Sannan babbar tambaya: shin larurar ta kai a yi wannan matakin jinya? Wanda zai iya zuwa asibiti ya koma gida bai kamata a kwantar da shi ba, domin kuɗin gado ya ninka na zuwa da komowa. A fannin shaye-shaye, yawancin masu biya suna amfani da ma'aunin ƙungiyar likitoci ta ASAM wajen tantance matakin da ya dace da kowane majinyaci.

Tun kafin a buɗe fayil, kwamfuta kan nuna inda ya kamata a duba: mai ba da shawarar da sa'o'in da ya nemi a biya shi a rana ɗaya suka wuce 24, ko cibiyar da kusan duk zamanta na lamba mafi tsada ne. A Medicare, cibiyar da ta yi fice haka kan fuskanci bincike na takardu 20 zuwa 40, a nuna mata kurakuranta, a sake dubawa har zagaye uku kafin a ɗauki mataki mai tsanani. Akwai kuma kamfanonin da ake ba kwangilar farauto kuɗin da aka biya ba daidai ba, ana ba su kaso daga abin da suka ƙwato, tsarin da asibitoci suka daɗe suna kuka da shi.

Daga samfuri zuwa miliyoyi

Babu mai iya karanta takardu dubu ɗari ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake yi shi ne a zaɓi samfuri ta hanyar ƙuri'ar kwamfuta, a bincike shi, sannan a auna sauran da shi. A ɗauka, a matsayin misali, cibiya ta karɓi dala miliyan 1 a kan takardu 10,000. Aka ɗebo 100 da kuɗinsu ya kai dala 10,000, aka tarar dala 2,000 ba su cika ƙa'ida ba. Kashi 20 cikin 100 ke nan, don haka ƙiyasin abin da za ta mayar zai tasam ma dala 200,000, ko da yake a Medicare akan ɗauki ƙasan ƙiyasin don a bar wa cibiyar rata. Wannan ne ya sa gardama a kan fayil guda takan zama gardamar dubban daloli.

Da wannan hanya ce Ofishin Sufeto Janar ya binciki kuɗin jinyar tattaunawa da Medicare ya biya a shekarar farko ta annobar korona, daga Maris 2020 zuwa Fabrairu 2021. Cikin samfuri 216, guda 128 ba su cika sharuɗɗa ba, sau da yawa saboda ba a rubuta tsawon zaman ba. Rahoton da ya fito a 2023 ya ƙiyasta cewa dala miliyan 580 daga cikin kimanin biliyan 1 an biya su ba bisa ƙa'ida ba. A lura cewa wannan adadi ba na sata ba ne. Ma'anarsa ita ce fayil bai tabbatar da aikin ba, ko an yi shi ko ba a yi ba.

Inda kuskure ke zama laifi

Cibiyar da ta gano an biya ta fiye da haƙƙinta tana da kwana 60 ta mayar. In ta riƙe, ta faɗa hannun Dokar Da'awar Ƙarya, wadda Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1863 domin maganin 'yan kwangilar da ke cutar sojoji lokacin yaƙin basasa, aka kuma ƙarfafa ta a 1986. Dokar ta tanadi biyan ninki uku na asarar gwamnati, da tara a kan kowace takardar ƙarya. Ta kuma ba kowane mutum damar shigar da ƙara a madadin gwamnati, ya samu kashi 15 zuwa 30 na abin da aka ƙwato. Manyan shari'o'i da yawa a wannan fanni sun faro ne daga ma'aikatan cikin gida da suka kwarmata abin da suka gani.

Shari'ar da ta fi tasiri ita ce wadda aka sani da Escobar. Wata yarinya 'yar shekara 17 a Jihar Massachusetts ta rasu a 2009 sakamakon farfaɗiya, bayan ta yi shekaru tana zuwa wata cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa da ke ƙarƙashin kamfanin Universal Health Services. Bisa ƙarar da iyayenta suka shigar, cikin mutum biyar da suka duba ta ɗaya ne kawai ke da cikakken lasisi. Wadda ta tantance cutarta ta samu digirinta ne daga wata makarantar intanet da ba a amince da ita ba, wadda ta rubuta mata magani kuma ma'aikaciyar jinya ce da ba ta da ikon yin haka ba tare da kulawar likita ba. A Yuni 2016 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, baki ɗaya, cewa takardar neman biya tana iya zama ƙarya ko da babu kalmar ƙarya a cikinta, matuƙar an ɓoye saɓa wata ƙa'ida mai nauyin da za ta iya sa gwamnati ta ƙi biya. Tun daga nan lasisin ma'aikaci ya zama batun kuɗi kai tsaye.

A Yuli 2020 kamfanin da wani reshensa da ke Jihar Jojiya suka amince su biya dala miliyan 122 domin sasanta wasu zarge-zarge na daban, ciki har da kwantar da mutanen da ba sa buƙatar gado, da jinkirta sallamar waɗanda suka samu sauƙi. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya shiga yarjejeniyar sa ido ta shekara biyar.

Dillalan majinyata da cinikin fitsari

A kudancin Jihar Filorida wata sana'a ta kunno kai bayan 2010. Dillalai kan nemo matasa masu shaye-shaye da ke da inshora mai kyau, a kawo su daga wasu jihohi da alƙawarin tikitin jirgi da ɗaki kyauta, a sauke su a gidajen da ake kira na murmurewa. Mai gida ya tura su cibiyar jinya, ya karɓi la'ada a kan kowane kai. Cibiya kuma ta riƙa aika fitsarinsu ɗakin gwaji sau da yawa a mako, tana cajin inshora kuɗi mai yawa. A wannan tsari, wanda ya warke asara ne, wanda ya koma ruwa kuma sabon ciniki ne. A 2016 mai gabatar da ƙara na gundumar Palm Beach, Dave Aronberg, ya kafa runduna ta musamman a kan lamarin, kuma a 2017 kotun tarayya ta ɗaure wani mai irin waɗannan cibiyoyi, Kenneth Chatman, shekara 27 da rabi. Tun a 2015 kamfanin gwaje-gwaje na Millennium Health ya amince ya biya dala miliyan 256 kan zargin gwajin da ba a buƙata da kuma ba likitoci ihisani domin su riƙa turo masa aiki.

Tsohuwar dokar hana karɓar la'ada ta 1972 ta shafi kuɗin gwamnati ne kawai, dillalan kuwa inshora mai zaman kanta suke ci. Sai a Oktoba 2018 aka toshe wannan kafa da dokar EKRA, wadda ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 da tarar da ta kai dala 200,000 a kan biya ko karɓar la'ada domin tura majinyaci gidan murmurewa, cibiyar jinya ko ɗakin gwaji, ko wane ne ke biyan kuɗin.

Arizona: ihu bayan hari

A Arizona, ɓarayin sun shiga ne ta wani ɓangare na Medicaid da aka keɓe wa ƙabilun asali na Amurka. A can ana biya ne a kan kowane aiki da aka ce an yi, kuma a wancan lokacin wasu lambobin jinya ba su da tsayayyen farashi: hukumar AHCCCS mai gudanar da shirin ta riƙa biyan kusan kashi 59 cikin 100 na duk abin da cibiya ta rubuta. Shiga shirin ma bai buƙaci wata ƙwaƙƙwarar shaida ba. Motoci suka riƙa zagaya yankin ƙabilar Navajo da garuruwa irin su Gallup, har zuwa Jihar Montana, suna kwaso mutane zuwa birnin Phoenix, wasu a cikin maye. A gidaje da dama babu jinyar da aka yi, a wasu ma giya da ƙwaya ake ba su don kada su tafi.

Alƙaluma sun nuna alama tun da wuri. Kuɗin da aka biya na jinyar ƙwaƙwalwa ta zuwa da komowa a wannan ɓangare ya tashi daga kimanin dala miliyan 53 a 2019 zuwa miliyan 668 a 2022. Da aka dakatar da biya, bisa ƙa'idar tarayya da ta wajabta haka idan akwai zargin zamba mai tushe, sai masu gidajen suka watso mutane kan titi, nesa da danginsu. Gwamnatin Navajo ta ƙaddamar da aikin nemo su da mayar da su gida. Binciken haɗin gwiwa na ProPublica da cibiyar aikin jarida ta AZCIR ya gano cewa aƙalla 'yan ƙabilun asali 40 sun rasu a irin waɗannan gidaje da cibiyoyi tsakanin 2022 da 2024.

Niyu Meziko: gyaran gangar Auzinawa

Maƙwabciyar Arizona ta ɗanɗana kishiyar wannan. A 2013 gwamnatin Gwamna Susana Martinez ta Jihar Niyu Meziko ta tsayar da kuɗin Medicaid na cibiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa 15, bayan kamfanin Public Consulting Group ya ƙiyasta, ta hanyar samfuri, cewa an biya su rarar dala miliyan 36. Ba a ba su damar ganin cikakken rahoton su kare kansu ba kafin a rufe famfon. Aka ɗauko kamfanoni biyar daga Arizona su gaji aikinsu, yawancinsu kuma suka tattara suka bar jihar cikin 'yan shekaru. Zuwa 2016 Antoni Janar Hector Balderas ya wanke dukkan cibiyoyin 15 daga zargin zamba, kuma rarar da ofishinsa ya gano ba ta fi dala miliyan 1 da ɗoriya ba. Kafin nan da yawansu sun durƙushe, majinyata kuma sun rasa masu duba su da suka saba da su.

Idan aka jera jihohin biyu, abin da ke fitowa shi ne lokaci da tanadi. Tantance cibiya kafin a ba ta rajista, tsayar da farashi, da duba alƙaluma wata-wata sun fi arha a kan farautar kuɗin da suka riga suka fita. In kuma dakatarwa ta zama dole, sai an tanadi inda majinyata za su koma tun kafin a sanar.

Inda batun ya shafi Najeriya

Najeriya na kan gina irin wannan tsari. A Mayu 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NHIA ta kuma wajabta inshorar lafiya, jihohi irin su Kano da Kaduna kuma suna da nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya. A Janairu 2023 aka sanar da sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda ta maye gurbin dokar 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya da asusun tallafa wa fannin. Buƙatar ba ƙarama ba ce: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken.

Bambancin shi ne a nan mafi yawan kuɗin jinya daga aljihun iyali yake fitowa, don haka babu wani mai biya da zai nemi ganin fayil. A Satumba 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, alhali iyaye suna biyan kuɗin gyaran tarbiyya. A ɓangaren inshora kuma ana biyan asibitoci ta hanya biyu, kowace da nata haɗarin. Biya a kan kowane aiki yana jan hankali ga ƙara aikin da ba a yi ba, kamar yadda aka gani a Arizona. Biya na wata-wata a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba, yana jan hankali ga karɓar kuɗi a ƙi yin aikin.

Tambayoyin da ɗan jarida, ɗan majalisa ko ɗan'uwan majinyaci zai yi wa kowace cibiya su ne waɗanda mai bincike ke yi wa fayil. Wace hukuma ce ta ba ta lasisi, kuma yaushe aka leƙa ta na ƙarshe? Wanda ke rubuta magani yana da rajista da hukumar likitoci? Akwai rubutaccen tsarin jinya, da ranar da za a sake duba shi? Ana ba da rasit da ke fayyace abin da aka biya? Kuma idan aka rufe wurin gobe, ina za a kai waɗanda ke ciki?